Injin da Patron Ya Ce Ya Mutu

Ranar da na sauka Sharja, kusa da Dubai, mutumin da zai tarye ni bai zo ba. Sale sunansa. Shi ya yi mini biza, shi kuma ya dafa kafaɗata a tashar Tasawa ya ce aiki na jirana a wani babban garaji, da ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya iska. Na tsaya bakin filin jirgi da jakata ina kiran lambarsa, wata mata tana amsawa da Larabci, sannan da Turanci. Ina ta ce mata, "Madam, Sale nake nema." Sai a kira na biyar na gane ba mutum ba ce, na'ura ce ke faɗa mini wayar a kashe take. Har yau ban sake sa Sale a idona ba.

Ni sunana Iliya. An haife ni a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, inda babana ke noman gero da wake, kuma shi ne dattijon ƴar ikilisiyarmu. Shekara goma sha huɗu na yi ina kanikanci a Tasawa, a hannun Malam Habu, mutumin da ke gyara karbirater da kunne. Tsofaffin motocin da ke keta rairayin Hawandawaki ranar kasuwa, waɗanda wasunsu sun girme ni, a hannunmu suke rayuwa. Na baro matata Rahila da ɗiya biyu. Ba yunwa ta fitar da ni ba. Na san abin da hannuna ya iya, na kuma so in kai shi inda za a san darajarsa.

Ina tsaye a wurin ina magana ni kaɗai, na ce, "Yau ni Iliya na ga ta kaina," sai wani dogon mutum mai tura kaya ya tsaya cak.

"Kai, ɗan'uwa, daga ina?"

"Tasawa."

"Tasawa! Ni ɗan Atantane ne. Wa kake jira?"

Na faɗi sunan. Ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Kai ne na huɗu da na tsinta wurin ga. Ɗauko jakarka mu tahi."

Lawali ke nan. Iyayensa makiyaya ne, shi kuwa aikinsa haɗa wa ƴan kasuwar Maraɗi kaya ya aika musu. Ya kai ni ɗakinsu, mu goma, gadaje hawa-hawa kamar kantar mai shago. Da na buɗe jaka ya ga Littafi Mai Tsarki. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya ɗora shi can sama kusa da Alƙur'aninsa, ya ce, "Nan ƙasa takawa za a yi. In kana so ka ɗauko abinka."

Bizar da Sale ya yi mini ta baƙunci ce, ba ta aiki ba. Lawali ya samo mini wuri a kasuwar feray, inda ake yanka motocin da suka yi hatsari ana fitar da abin da ya rage. Ba gyara ake yi ba, fiɗa ake yi. Ni da na girma cikin bazarar yankinmu na Mayahi na ɗauka babu ranar da za ta ba ni tsoro. Ta can daban ce, da danshi a cikinta, kamar an rufe mutum a tukunyar dambu. Kile, wato sifana, in ya jima a rana ba ya taɓuwa sai da tsumma. In an ce masu duba takardu sun shigo layi, sai mu marasa takarda mu shige bayan tarin ƙofofin mota mu yi lamo har su wuce. Akwai wani tsoho ɗan Afganistan mai sayar da shayi a bakin layin. Ba mu jin maganar juna. Kullum in na sayi burodi ɗaya sai ya sa biyu a leda, in na nuna masa kuskuren sai ya ɗaure fuska ya kore ni da hannu.

A nan damina ta same ni. Rahila ta aiko saƙon murya, bayan maganarta ana jin ruwa na dukan kwanon rufi. Ta ce, "An yi ruwan shuka. Baba ya hita da sungumi tun da asuba, ya ƙi jin maganar kowa. Yara suna lahiya. Kai ya jikinka?" Na saurari saƙon nan a ƙarƙashin wata mota ba sau ɗaya ba. Ba maganar nake maimaitawa ba, ruwan nake so in ji.

Wata rana da hantsi wata mota rawaya mai dogon hanci ta tsaya a ƙofar wurinmu. Ban taɓa ganin irinta ba sai a hoto. Ƙofa biyu, baya a ɗage, ƙararta kuwa ba a kunne kawai ake jinta ba, har a ƙirji. Wani ɗan gajeren tsoho mai furfura ya fito, ɗan Filifin ne, ya buɗe kapo, murfin inji, yana leƙe. Na ajiye abin da nake yi na matsa. Silinda takwas, karbirater ɗaya a tsakiya mai faɗin faranti. Na tsaya ina saurare, sai na ji tana ɗingishi kaɗan, gefen dama na shan esansi, wato fetur, fiye da na hagu. Na nuna masa turnebis, sukundireban da ke aljihuna, na nuna karbirater. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ja da baya.

Juyi ɗaya da rabi na yi wa wata ƴar ƙusa a jikinta. Motar ta daidaita numfashi.

Tsohon ya kama kafaɗata. Ya juya ni na ba motar baya, ya yi wani abu, ya taɓa ni. Na ji ta koma ɗingishi, amma wani iri. Ban juyo ba, na ɗaga yatsa uku na nuna hagu. Wayar buji, wato fulogi, ta uku a layin hagu ya zare. Da na juyo na gan shi yana dariya, ya nuna kunnensa ɗaya ya yi alamar yanka, ya nuna ɗayan ya karkaɗa hannu. Daga baya, da muka fara fahimtar juna, ya gaya mini shekara arba'in kusa da inji ta cinye masa ji. Ido da sani yana da su. Kunne yake nema.

Ben sunansa. Shi ya kai ni Dubai, garajin da yake babban makanike, wurin da ba a taɓa komai sai tsofaffin motocin Amurka na shekarun sittin da saba'in. Mai wurin, Patron Nadim, mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare. Ya yi mini takardun aiki na gaskiya, na daina ɓuya. Fasfo kuwa ya sa a durowar teburinsa, ya ce don kada ya ɓace.

Wata takwas na yi a nan, kuma ban taɓa koyon abu da daɗi irin na lokacin ba. Ben na da Turanci, ni ina da Faransancin lekwal, wato makarantar boko, da na garaji, sai muka haɗu a tsakiya, da alli a kan siminti. Ranar farko ya tsayar da ni gaban Camaro biyu masu kala ɗaya, ya ce in faɗi bambancinsu. Na ce babu. Ya buɗe kapo biyun. Ɗaya ƙaramin inji ne mai silinda shida, irin na zuwa cefane. Ɗayar kuwa inji ya cika wurin har ba inda za ka sa hannu.

Ya bayyana mini cewa a zamanin ba shiga ake yi a ɗauki abin da aka tarar kawai ba. Mai saye na iya zama da takarda ya zaɓa. Wane inji, giya ta hannu ko mai canza kanta, birkin faifai a gaba ko na ganga, pon na baya, wato aksil, mai sa taya biyu su ja tare ko mai barin ɗaya ta yi ta juyi a banza, agogon da ke nuna gudun inji, har zanen da ke bisa kapo. Masana'anta ta ƙera maka taka. Nan take na gane, don haka ake yi wurin masu walda a Tasawa in mutum zai yi amalanke. Wani ya ce ta jaki, wani ta shanu biyu, wani ya ce a sa masa aksil na kamiyo, babbar motar kaya, don taki zai riƙa kaiwa gona. Daga nesa duk amalanke ne. Sai an ɗora kaya ake sanin wadda aka zaɓa wa ƙarfe.

Sai kuma ƙarin da ake yi daga baya, wanda shi ne yawan aikinmu. Samarin ƙasar suna son ƙarfi da ƙara. Mu sa musu karbirater mai baki huɗu, mu canza bututun hayaƙi zuwa masu faɗi don inji ya yi numfashi, mu sa sandar da ke buɗe bawul ta daɗe a buɗe, mu cire bis-platine, ƴan ƙarafan da ke kunna wutar buji, mu sa wutar zamani. Radiyater kuwa dole ne, don ba a ƙera motocin nan da zafin Dubai a rai ba. Duk wannan Ben na yi da murna, amma yana da doka ɗaya. Abin da ya fito daga masana'anta, in ka cire shi, ka wanke, ka shafa mai, ka naɗe, ka rubuta sunan motar, ka ba mai ita. Ba a yanka, ba a hudawa. Ya ce, "Ƙari kowa na iya saye gobe. Na asali sau ɗaya aka yi shi." Ya nuna mini inda ake buga lamba a jikin inji, wadda ta yi daidai da ta jikin mota. In lambobin sun dace, motar da injin da aka haife ta da shi take tafiya, kuma masu sanin abin suna daraja wannan fiye da kowane fenti.

Ranar Lahadi nakan je wata majami'a inda ake sujada da harsuna da yawa, babu Hausa a ciki. Ina bin su da ido, ina yin tawa a zuci. In na fito in wuce wurin Lawali a Sharja mu ci tuwon masara da miyar kuka da wani ɗan kasuwa ya kawo masa.

A wata na takwas aka kawo wata Chevelle ƙirar saba'in a bayan kamiyo, ja mai duhu, ƙura ta yi mata bargo. Wata mata ce ta biyo ta, Madam Nura, malamar makaranta, ƴar ƙasar. Motar babanta ce, Abu Salim. Ya sayo ta sabuwa lokacin da yake karatu a Amurka yana saurayi, ta fi shekara ashirin a rufe. Yanzu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta ɗauke. Ta ce kullum sai ya sa a tura kekensa zuwa inda motar take ya zauna yana kallonta. Abin da take so kawai, ya ji ƙararta.

Patron ya sa kile a kan inji, ya ja, bai motsa ba. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce mata injin ya mutu, tsatsa ta haɗe shi. Amma kada ta damu, zai sa mata sabo na zamani, da giya mai canza kanta, da kilim don tsoho ya ji daɗi. Tsofaffin ƙarafan kuma zai raba ta da su, ba sai ta sha wahalar zubarwa ba. Ta ce za ta yi shawara da ƴan'uwanta ta dawo ta sa hannu.

Ni aka sa in sauke tankin esansi. Da na sauke shi na ga wata takarda manne a samansa, ta yi launin ganyen taba, cike da ƙananan lambobi a gida-gida. Na kusa ɓamɓare ta in yar. Wani abu ya ce in kira Ben. Ya zo ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Sai ya jawo bokiti ya kifa ya zauna.

Takardar da ma'aikatan masana'anta ke bi ce suna haɗa motar, wani ya manna ta nan tun ranar da aka ƙera ta. Ben ya karanta mini. Inji mafi girma da mafi ƙarfi da suka sa wa irin motar a shekarar, kusan lita bakwai da rabi. Giya huɗu ta hannu, mai ƙarfin nan da ke kuka in tana tafiya. Pon mai jan taya biyu. Kapo mai ɗan murfi da ke buɗewa ya sha iska in an taka. Ba kilim, ba rediyo. Muka goge jikin injin muka duba lamba. Ta dace.

Ben ya ce, "Shekara arba'in, sau biyu na taɓa ganin irinta da takardarta."

Na ɗauki hoton takardar da wayata don in nuna wa Malam Habu, ba don wani abu ba. Patron ya zo, ya kalla, ya ɗauke ta a hankali da hannu biyu ya kai ofis. Da ya dawo ya ce zai yi tafiyar kwana goma, kafin ya dawo in sauke inji da giya da pon, in kai su ɗakin baya. A ɗakin bayan nan akwai gangar jikin wata Chevelle tasa da ta daɗe tana jiran ciki. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ban buƙaci a yi mini bayani ba: cikin motar Madam zai zuba wa tasa.

Na ce, "Patron, Madam ta san da takardar?"

Ya yi murmushi ya dafa ni. "Iliya, kai makanike ne mai kyau. Ka tsaya a makanike."

Da ya tafi na tambayi Ben. Bai dube ni ba. Ya ce ɗansa na ƙarshe na jami'a, saura shekara ɗaya. Ya ce, "Ni kurma ne. Abin da kake yi a kusurwar can ba na ji."

Ranar Lahadi na kwashe duka na gaya wa Lawali. Ya ajiye cokali.

"Kai Iliya, mi ya shahe ka? Motar ubanka ce? Mutanen ga suna da abin da za su sayi goma irinta. Kai fasfonka na hannun mutum. Ka manta bayan tarin ƙohohi?"

"Ban manta ba."

"To?"

"Da hannuna za a yi satar, Lawali. Ba da nashi ba."

Ya ce, "Gadonka dai na nan, ban ba kowa ba."

Na kira Malam Habu. Ana ta buga guduma a bayansa, ina jin muryoyin garajinmu. Na ce masa ga inji shekara ashirin a tsaye, an ce ya mutu.

"Wa ya ce? Ka buɗe ka gani?"

"A'a, Malam. An ja da kile ne bai juya ba."

"Shi ke nan sai ya mutu? Ruwa ya shiga mai?"

"Man baƙi ne, amma ba ruwa."

"To barci yake. Cire buji duka, ka zuba mai da gazuwal, man dizal nan, ta ramin, ka bar shi ya sha. Kullum ka je ka gaishe shi da kile, gaba kaɗan, baya kaɗan. Kada ka yi mai ƙarhi, ka ji ko? In ka karya zobe kada ka ce ni na koya ma."

Rahila ce ta ƙarshe da na gaya wa, don ita abin zai fi shafa. Na ce mata wataƙila aikin nan ya ƙare. Ta ce, "In ka yi abin da ya ce, za ka iya gaya wa Baba?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka dawo mana da hannunka yadda ka tahi da shi. Gero ya yi kyau bana."

Kwana shida ina gaishe da injin nan bai amsa ba. Rana ta bakwai na ji ya ba da kai, ɗan kaɗan, kamar ƙofar da ta kumbura da damina. Ta takwas ya yi juyi cikakke. Na canza mai, na juya famfon mai da hannu har ya hau sama, na wanke karbirater ɗaya bayan ɗaya, na goge bis-platine. Sabbin buji takwas na tarar a kan teburina da safe, ban tambayi wanda ya ajiye ba, Ben ma bai ce komai ba. Abu ɗaya ne ban iya yi ba, gwada tayarwa. Ƙarar za ta cika layin duka, kuma akwai masu kai wa Patron labari.

Ya dawo ranar da Madam Nura za ta sa hannu. Ya tarar da inji a cikin mota. Fuskarsa ta canza, amma kafin ya buɗe baki motarta ta tsaya a ƙofa. Ta zo da tsohon a keken guragu, siriri, cikin farar riga, hannun damansa a kwance bisa cinya. Patron ya tare su da fara'a yana nuna musu hanyar ofis.

Na rataya galan ɗin esansi a jikin kapo, na jona batir. In bai tashi ba, na zama mahaukacin baƙo da ya ƙi bin umarni, kuma maganar Patron ta tabbata. Na zuba ɗan esansi a bakin karbirater, na shiga na murɗa makulli.

Injin ya juya da nauyi, ya yi tari, ya yi shiru. Patron ya juyo ya daka mini tsawa. Na sake murɗawa. Tari biyu, wuta ta fito ta bakin karbirater. Na ji inda matsalar take, wutar ta yi gaba da lokacinta. Na fito na sassauta, na juya kan wutar baya kamar faɗin farce. Da na ɗago, Ben na zaune a kujerar direba. Ban kira shi ba. Na ɗaga masa yatsa, ya murɗa.

Na sha jin inji a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kwanon rufin garajin ya ɗauki rawa, hayaƙin gazuwal ya turnuƙe wurin, kile na faɗowa daga kan tebur. Silinda shida suka fara kamawa, sai ta bakwai, sai ta takwas, ya zauna daram yana gurnani. Masu fenti suka fito da abin rufe hanci a wuya. Tsohon nan ya ɗaga hannun hagu yana dukan hannun kekensa, bakinsa a karkace, hawaye na zuba, wani sauti na fita daga maƙogwaronsa wanda ba kalma ba ne.

Na je gaban Madam Nura da Turancina na garaji. Na ce, "Madam, inji bai mutu ba. Kada ki bari a cire. Akwai takarda." Na nuna mata hoton. Ta dubi Ben. Ben ya kashe motar, ya fito, ya gaya mata ko mece ce takardar, da abin da take nufi, bai rage komai ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ofis ta tsaya gaban tebur ta ce a ba ta takardar motar babanta. Patron ya ce ai adana mata ya yi. Ya jawo durowa, sai ga fasfona a kan takardar, kore, da sunan ƙasata. Ta tambaya na wane ne. Ta ce dokar ƙasarsu ba ta yarda a riƙe wa ma'aikaci fasfo ba, ko yana so ta kira a tambaya? Ta fito da abu biyu a hannu, ta miƙo mini nawa.

Washegari aka soke takardun aikina. Ben kuwa Patron bai kore shi ba, don ba shi da wani mai karanta lambobin nan, amma ya daina yi masa magana. Madam Nura ta kira garaji uku saboda ni. Duk sun ji labari, kuma ba mai son makaniken da ke buɗe baki gaban mai mota. Ban ji haushi sosai ba. Na riga na san abin da na saya da abin da na biya. Na koma gadona wurin Lawali, na yanke shawarar in tafi gida in kwanakin da doka ta ba ni sun cika.

Kwanakin nan a gidan Abu Salim na yi su, ƙarƙashin wata rumfa, ina ƙarasa motar. Ben na zuwa ranar hutunsa. Madam Nura ta tambaya ko akwai abin da za a ƙara mata don ta fi ƙarfi. Na ce babu, babanta ya riga ya zaɓi duk abin da ake zaɓa tun yana saurayi. Na nuna mata gidan da ke cewa ba rediyo a takardar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce mutumin da ya hana su ɗaga murya a gida tun suna yara, ashe abin da yake so ya ji ke nan. Tiyo da taya da ruwan birki muka sabunta, muka sa babban radiyater. Tsohon radiyater ɗin na wanke, na naɗe, na rubuta suna.

Saura kwana biyu jirgina ya tashi muka fitar da ita. Da sassafe ne, kafin rana ta yi zafi. Muka ɗaga tsohon muka zaunar da shi a kujerar gaba, muka ɗaura masa bel. Madam Nura da Ben suka biyo mu a wata motar. Na bi da ita a hankali har muka fita gari, muka hau wata hanya miƙaƙƙiya, rairayi hagu da dama kamar an ɗauko hanyar Mayahi an shafa mata kwalta.

Na tsaya a gefe don in duba zafin inji. Da na kai hannu kan sandar giya, na tarar da hannu a wurin. Na hagunsa ne, mai lafiyar. Ya riƙe ƙwallon sandar gam, yana kallon gaba. Na ɗauke nawa na mayar kan sitiyari.

Na taka ambiriyaj, wato kuloci, har ƙasa, na ce, "Yalla, Baba."

Ya tura ta ɗaya. Na saki a hankali, muka tashi. Inji ya hau, na taka ambiriyaj kawai, ya jawo ta biyu daidai lokacin da ni ma zan jawo. Ta uku ta ɗan ƙi shiga, ya yi ƙara a maƙogwaro ya danna ta da ƙarfi ta shige. Giyar na kuka irin kukan da Ben ya faɗa. Na dube shi, ya ɗaga haɓa ya nuna hanya. Na taka esansi sosai. Ɗan murfin kan kapo ya buɗe, motar ta tsuguna ta baya, kujera ta buge ni a gadon baya, ta madubi na ga su Ben sun zama ɗigo.

Na taka ambiriyaj ina jiran ta huɗu. Bai sa ba. Na duba, yana girgiza kai, gefen bakinsa mai motsi ya ɗage sama. Bai gama jin ta uku ba. Na saki ƙafata na bar masa ita.